Rubutun Da Ba Ya Wankuwa

Na sauka Lome da abu biyu rungume a ƙirjina, gafakata da wani dogon gwangwani da na naɗe takardun zayyanata a ciki. Jakar tufafina kuwa tun a kan iyaka ta yi nata wuri. Wani bawan Allah mai fara'a ya ce bari ya riƙe mini in je a buga mini hatimi, har yau yana can yana riƙe da ita.

Sunana Sabo, mutumin ƙasar Haɗeja, sana'ata zayyana. In ɗalibi ya sauke Alƙur'ani ni ake nema in ƙawata masa allon sauka da ja da kore da ruwan ɗorawa. Wani a jikin allon nake yi, wani a takarda a manna. Wani fatake ne ya zuga ni, ya ce Zangon Lome cike yake da makarantu amma babu mai zayyana ko ɗaya. Ban yi shawara da kowa ba, don ni mutum ne mai ji da hannunsa, kuma wannan jin kan shi ya kai ni ya baro.

A Zango aka nuna mini gidan Liman Garba, dattijo mai farin gemu wanda kakansa ya zo daga Katsina. Da ya ji inda na fito sai ya kwashe da dariya.

"Bahaɗeje har bakin teku? To Allah ya sa dai ba faɗa ka zo nema ba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, na ji an ce Katsinawa sun ɓata a nan ne, na zo in nuna musu hanyar gida."

A ranar ya ba ni ɗaki a zaurensa, ya ba ni riguna biyu nasa. Ban san shi ba, bai san ni ba.

Watan farko na sha wuya. Iskar garin jiƙaƙƙiya ce, tawada ba ta bushewa da wuri, takarda sai ta yi laushi kamar an yi mata yayyafi. Hausar mutanen ma sai da na koya, don a Zango mace "ya tafi" ake ce mata, kuma kalma uku ta Hausa sai an soka ta Faransanci ɗaya. Tuwon masararsu mai tsami ya ƙi cikina. Wata rana Hajiya, uwargidan Liman, ta lura kwanona yana komawa kamar yadda ya zo. Washegari sai ga tuwo da miyar kuka har da daddawa. Na yi loma biyu na tuna matata Hajara da 'ya'yana, na juya fuska bango na yi kuka kamar ba gardi ba.

Makarantun suna nan kamar yadda aka faɗa, sai dai sauka ba kullum ake yi ba. Ina cikin wannan zaman jira wani ɗan Zango mai suna Razak ya same ni a ƙofar masallaci na shanya takarduna. Mutum ne ɗan gayu, waya biyu a hannu, ƙamshin turarensa yana riga shi isowa.

"Malam, wannan duka hannunka ne? Kai, se bon! Akwai wani izin a wajen bakin ruwa, suna neman irin wannan. Adon bango za su yi, na gidajen Musulmi. Ka kawo wanda ya fi duka kyau."

Izin shi ne masana'anta a bakinsu. Da na ji an ce bango, sai na zaro zayyanar da ba na nuna wa kowa. Wata huɗu na yi ina zana ta. A tsakiyarta akwai dagi, a cikin dagin kuma na saƙa sunan Allah da layukan adon kansu, alif da lam biyu da ha, yadda in ba an bi maka da yatsa ba ba za ka gani ba. Na ce a raina, abin da za a rataye sama da kawunan mutane ai ya cancanci wannan.

Muka hau babur, muka ratsa unguwar Tokwan, muka bi ta unguwar Be inda maƙera da masu walda suka cika hanya da ƙara, har muka isa wani dogon gini marar taga. Ofis kawai aka shigar da mu, mai sanyi kamar randa. Wata mata 'yar ƙabilar Ewe mai suna Madam Afi ta tarbe mu da Hausa, ashe a gefen Zango ta tashi. Ta ɗaga murfin wata na'ura mai gilashi ta miƙo hannu. Na ce a'a, ni zan ɗora da kaina, don ban san ko tana da tsarki ba. Na shimfiɗa takardar, ta rufe, wani haske ya wuce sau ɗaya ta ƙarƙashi. Ta buɗe ta ce, "Wala, Malam, ɗauki kayanka."

Na duba takardata gaba da baya, ko ɗigo bai ragu ba. A iya sanina, abin da aka mayar maka a hannunka ba a ɗauke shi ba. Razak ya ce manya za su duba su kira mu. Daga ranar wayoyinsa biyu suka daina shiga, ni kuwa ko a jikina, tunda zayyanata tana cikin gwangwani. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bayan kamar wata uku na je kasuwar Hejiranawe neman ƙaro na haɗa tawada. Ina ratsa layin masu kayan roba sai idona ya faɗa kan wata tabarma kore da ja da aka shimfiɗa a ƙasa don talla. Na ce kai, wannan gefen kamar nawa. Na matsa. Zayyanata ce, layi bayan layi, har wata 'yar karkata da hannuna ya yi a kusurwar hagu tana nan. A tsakiya ga dagin, ga sunan. Mai tabarmar tana tsaye a kansa da silifas tana cin gyaɗa.

"Sauka! Sauka!" Ban san lokacin da na kurma ihu ba.

Matar ta daka tsalle tana zaton maciji ne. Mutane suka taru. Na durƙusa ina goge wurin da hannun rigata, suna kallona suna magana da yarensu. Da na ɗaga kai sai na ga bayanta an jingine irinta naɗe-naɗe har sun kai rufin rumfa. Rumfa ta gaba ma haka, ta gaba da ita ma haka. A wata har wani mutum ya baje a kai yana barci, ƙafarsa daidai kan lam. Ni da sai na yi alwala kafin in ɗauki alƙalami in ja wannan harafin.

Na ɗauko guda ɗaya a ka, ban yarda na saƙale ta a hammata ba, na zo na shimfiɗa ta a kan cinyoyin Liman. Ya duba ya ce kyakkyawa ce. Na kama yatsansa na bi da shi. Yana kaiwa kan ha ya fizge hannu kamar ya taɓa garwashi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

Na kwashe labari na faɗa masa. Na ce ya ba ni lasifikar masallaci bayan la'asar in sanar da jama'a, kowa ya ɗauke tasa daga ƙasa. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Sabo, in ka faɗi wannan a lasifika, kafin magariba samari sun isa izin ɗin da fetur. Akwai 'ya'yan mutane a ciki masu neman abincinsu, ba su san alif ba balle lam. Ka ɗora jini a kan abin da ka riga ka ɗauka? A dinga sara ana duban bakin gatari. Gobe mu je ni da kai."

Raina ya so ya yi gardama, amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Da safe mai gadi ya hana mu shiga, sai da Madam Afi ta fito da kanta. Ta ga fuskata ta ce, "Malam, lafiya? Razak ya ce ka koma Nijeriya, ka bar mishi zanen ya sayar." Ashe ita tun farko tabarma aka ce mata. Na ce ina so in ga masu saƙar. A raina na shirya abin da zan faɗa musu, in roƙe su don girman Allah su ɗaga hannu.

Ta buɗe wata ƙofa, ƙara ta doke mu. Wuri ne da ya fi filin idin garinmu, injuna a jere har inda ido ya tsaya, siraran tsinkayen roba suna shiga ta gefe, tabarma tana fitowa ta gaba kamar ana zare harshe. Na duba hagu na duba dama ina neman masaƙa. Mutum biyar na gani, su ma ba saƙa suke yi ba, yawo suke da 'yan allunan gilashi a hannu suna latsawa. Wani hannun ƙarfe yana ɗaukar tabarmi yana jerawa shi kaɗai, wata 'yar mota marar direba ta zo ta kwashe ta wuce ta gabanmu, har ta tsaya ta ba Liman hanya. Liman ya ja da baya yana a'uziyya.

Na ce, "Ina mai saƙar?"

Ta ce, "Babu. Hasken nan da ya wuce a kan takardarka, shi ya kwashe zanen ya ba kwamfuta. Kwamfuta ya faɗa ma inji wane tsinke zai hau, wane zai sauka. Ɗan kasuwa yana zaune a shagonshi ya latsa waya ya ce yana son kaza, inji ya ji ya fara. Ko ni ba a tambaya."

Na tsaya gaban inji ɗaya ina kallo. A gabana alif ya fito, lam ya biyo, lam na biyu, ha ta rufe. Kafin in gama salati wani ya sake fitowa. Abin da na yi wata huɗu ina yi da alwala da azumin nafila, ga shi ƙarfe yana yi ba bisimilla, kuma ba ya gajiya.

Ana haka na ga hannun ƙarfen ya ware wata tabarma ya jefa a wani kwando daban. Na tambayi laifinta. Madam Afi ta nuna wani ƙaramin ido a saman injin, ta ce yana duba kowace tabarma ya gwada da zanen asali, in tsinke ɗaya ya kauce sai a fitar da ita. Na ɗauko wadda aka jefar. Tsinke ɗaya ne ya tsinke a jikin lam na biyu, sunan bai cika ba. Wato wadda babu laifi a taka ta ita aka hana fita, masu cikakken suna su ake kai wa kasuwa.

A ofis na bi mata sunan da yatsa a jikin gilashin kwamfutarta, Liman ya yi mata bayanin abin da yake. Na zaci za ta ce ina ruwanta. Sai ta dafe ƙirji ta ce wani abu da yarensu, sannan ta ce, "Malam, ni Kirista ne, amma ko a gidanmu akwai sunan da ba a sa ma ƙafa. Don me ba ka faɗa mini ba ran nan?"

Na hana ta taɓa takarda don tsarki, amma ban ga ta isa in gaya mata abin da ke ciki ba.

Ta kira mai masana'antar, wanda ashe ba ya ma ƙasar. Fuskarsa ta fito a waya, suka yi ta Faransanci, na ji tana maimaita Zango, Zango. Ko tsoron Allah ne ya kama shi ko tsoron Zango, oho, ya dai yarda. Ta latsa wani abu, sai ƙarar da ke bayan bango ta ragu.

Na ce, "To yanzu a wanke sunan."

Ta ja wani ɗan abu a kan tebur, ta zagaye dagin, ta danna. Tsakiyar zayyanar ta zama fari fat.

Na ce, "Ina ruwan?"

"Wane ruwa?"

Liman ya yi mata bayani. A wurinmu in an wanke allo, rubutun yana komawa cikin ruwa, ruwan kuma ba a zubar da shi inda ƙafa take bi. Ko a sha, ko a kai shi gindin bishiya inda babu ƙazanta. Duk abin da na taɓa rubutawa a duniya na san inda ya ƙare. Shi nake tambaya, wannan da ta goge, ina ya tafi?

Ta ce, "Na nan ya tafi. Amma na asalin yana cikin gajimare."

Wallahi sai na ji sanyi a raina, na ce to ai sama ta fi ƙasa. Ta girgiza kai ta ce suna ne kawai, wasu manyan na'urori ne a wata ƙasa mai nisa da ita ma ba ta taɓa gani ba, can ake ajiye komai. Kuma mai masana'antar yana da abokan hulɗa masu irin wannan injin a wasu ƙasashe biyu, duk zanen da ya karɓu a kasuwa suna iya saukewa su saƙa. Ta ce za ta rubuta musu yau ɗin nan su goge, sauran kuma sai abin da suka ga dama. Sannan ta buɗe taswira a gilashin, ga wasu 'yan ɗige-ɗige suna tafiya a hankali, kowane ɗigo mota ce ɗauke da kaya. Wasu sun nufi arewa, wasu gabas, hanyar da na biyo na zo.

Na ce, "A tsayar da su mana."

Ta ce, "Malam, waɗannan na yau ne. Wata biyu ke nan ana fita da su."

Abin da ya rage a sito ta sa aka kai injin niƙa. Liman ya ce in haruffa suka narke hukuncinsu ya tafi, amma ni zuciyata ta ƙi, na ce kada a mayar da robar tabarma ko takalmi. Madam Afi ta yi ta kai da kawo har aka zuba ta a ɓangaren da ake yin kofunan shan ruwa. Ranar da suka fito ta aiko mini da guda ɗaya har Zango, wani mai launin ƙasa-ƙasa, ba kyau. Na cika shi da ruwa na yi bisimilla na shanye.

Na ƙara wata biyar a Lome, kuma ban sake zana komai ba. Na samo 'yar wuƙa da ɗan kasko na gawayi, ina bi gida gida, rumfa rumfa. In na ga kore da ja, don shi kaɗai ne haɗin kalar da Madam Afi ta ce sun saƙa, sai in yi sallama in roƙi a bar ni in gyara tsakiyarta. In gasa wuƙa in goga har haruffan su narke su zama tabo. Wanda ya matsa da tambaya in ja shi gefe in nuna masa, sai ka ga dattijo ya dafe kai. Wata mata a Be ta bi ni da muciya. Wata kuma da na gama ta ba ni ƙosai, ta ce Allah ya ba ni lafiya, don ta ɗauka taɓin hankali ne. Razak ban ƙara sa shi a ido ba, kuma na daina nemansa, don ko na kama shi ba shi ya ja alif ɗin ba.

Da na zaga Zango da Tokwan da kasuwanni har na yi sati biyu ban ga ko ɗaya ba, Madam Afi kuma ta ce ɗaya daga cikin ƙasashen sun amsa sun goge, sai na ce lokacin gida ya yi. Na tambaye ta ɗayar fa, ta ce shiru, amma wataƙila sun yi ba su faɗa ba. Na riƙe wannan wataƙilar da hannu biyu. Liman ya raka ni tasha, ya ce, "Ka yi iyakar yinka, Bahaɗeje. Allah ba ya kama bawa da abin da ya fi ƙarfinsa." Na ce amin, na shiga mota da zuciya mai ɗan sauƙi.

Kwana biyu muna tafiya. Mun shigo ƙasarmu, mun wuce Kwantagora, direba ya tsaya a wani ƙauye don azahar. Muka yi alwala, mai shayin wurin ya shiga rumfarsa ya fito da tabarma sabuwa fil, ko ledarta ba a gama cirewa ba, ya ce jiya ya sayo ta. Ya warware ta a gabanmu.

Shuɗiya ce da fari. Ban taɓa ganin kalar ba, kuma ba a Lome aka saƙa ta ba. A tsakiya ga dagin, ga alif, ga lam biyu, ga ha, tsinke ɗaya bai kauce ba.

Wani fasinja ya ɗaga ƙafa zai hau, na riƙe masa riga. Na roƙi mai shayi ya ara mini wutar murhunsa. Mutane suka tsaya da ruwan alwala a fuska suna kallona ina gasa wuƙa, direba yana cewa Malam lokaci fa yana tafiya.

Yau shekara biyu da dawowata. A garinmu ana cewa Sabo ya je Lome ya dawo da tawali'u, mutumin da da ba a iya tanka masa, yanzu duk gidan da ya shiga kansa a sunkuye. Ban taɓa gyara musu zancen ba. Tabarma nake dubawa, kuma ko makon jiya na sami ɗaya a gidan suna, ruwan hoda, sabuwa.